Mayen Ƙarfe a Jikin Bututu: Yana Hana Farin Ƙanzo Kuwa?

Bahaushen da ya sauka Landan karon farko, karatu ne ya kai shi ko aiki ko jinya, akwai wani ɗan abin mamaki da ke jiran sa a kicin. Ba sanyi ba, wannan tun a gida aka ba shi labari. Butar lantarki ce. Ya ɗaga murfi zai ɗora ruwan shayi, sai ya tarar gindinta ya yi fari fat kamar an yi mata shafen farar ƙasa, ga ɓarɓashi yana yawo a cikin ruwan. Ya kankare, ya ɗauraye. Kafin mako uku ta koma gidan jiya. Ya shiga wanka, rabin hujojin shawa sun toshe, sauran kowanne da alƙiblar da yake feshi, sabulu kuma sai an yi da gaske kafin ya yi kumfa.

Wannan farin abu bari mu kira shi farin ƙanzo, don halinsu ɗaya da ƙanzon tuwo: inda wuta ta fi ci, nan yake kamawa. A buta abin haushi ne kawai. Amma a cikin hitar wanka, da injin wanki, da tukunyar gas da ke ɗumama gidan Bature da hunturu, hasarar kuɗi ce. Duk kuwa inda hasara ta zauna a gidajen miliyoyin mutane, mai magani ba ya nisa.

Maganin da ya fi kowanne daɗin ji shi ne maganaɗisu, wato mayen ƙarfe. Ana sayar da shi kala-kala. Akwai mai ɓari biyu kamar kwasfar gyaɗa, a rungume bututun da ke shigo da ruwa gida da shi, a ɗaure da noti. Akwai wanda guntun bututu ne da mayen ƙarfe a cikinsa, sai mai gyaran famfo ya yanke layi ya dasa shi. Akwai kuma ɗan'uwansu na lantarki, waya ce ake naɗewa a jikin bututu ta zarce zuwa wani ɗan akwati mai fitila tana ƙyaftawa. Alkawarinsu ɗaya: ba gishiri, ba sinadari, ba gyara, ɗaura ka manta. Sabon ƙanzo ba zai kama ba, tsohon ma, in ji wasu masu tallar, zai saki da kansa.

Abin tambaya shi ne ko ruwan ya san an ɗaura.

Dutse ne ya narke

Ruwa ba ya tsami banza, haka ma ba ya nauyi banza. Ruwan sama yakan faɗo da sauƙinsa, ba komai na dutse a cikinsa, sai dai ya kwaso iskar kabon a hanya, ya ƙara kwasar wata a cikin ƙasa inda saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye ke fitar da ita. Iskar nan ta ba shi ɗan tsami-tsami wanda harshe ba ya ji, amma dutsen farar ƙasa yana ji. Ruwan ya ratsa dutsen yana lasa kaɗan-kaɗan, ya tafi da sinadarin kalsiyam da ɗan'uwansa magnisiyam a narke, garau, ido ba ya gani. Shi ne ruwan da muke cewa yana da nauyi, mai cin sabulu. Daban yake da ruwan zartsi, wanda gishiri-gishiri ne ciwonsa, ko da yake akan sami rijiyar da ta haɗa biyun.

Kudu maso gabashin Ingila a kan alli yake zaune, alli na gaske, wanda ya taru daga ɓawon ƙananan halittun teku shekaru sama da miliyan 66 da suka wuce. Fararen duwatsun gaɓar Dover da ake gani a hotuna shi ne ya leƙo waje. Ana auna nauyin ruwa da miligiram na farar ƙasa a kowace lita. A ma'aunin hukumar binciken ƙasa ta Amurka, daga 60 zuwa ƙasa ruwa ne mai sauƙi, 121 zuwa 180 mai nauyi, abin da ya haura 180 kuwa ya kai maƙura. Ruwan Landan ya wuce 200 a yawancin unguwanni. Mutumin Manchester bai san wannan damuwa ba, don tun 1894 ake janyo masa ruwa daga tafkin Thirlmere na tsaunukan arewa, na Birmingham kuma daga kwarin Elan na Wales tun 1904. Ƙasa ɗaya, buta iri biyu.

Wuta ce ke tona asirin. Sukari ya fi narkewa a ruwan zafi, farar ƙasa kuwa akasin haka take. Da ruwa ya ɗau zafi sai iskar da ta riƙe ta a narke ta gudu, dutse ya koma dutse, ya nemi wuri mafi zafi ya manne. Abin yakan tsananta in zafi ya haura digiri 60. A yi lissafi: gidan da ke dafa lita 100 kullum, nauyin ruwansa 300, giram 30 na dutse ke bi ta hitarsa a rana, kusan kilo 11 a shekara. Ba duka ke zama ba, amma ko ɗaya cikin goma ya zauna ya isa ya ɗinka wa ƙarfen hita riga. Rigar ba ta barin zafi ya fita da wuri, sai ƙarfen ya yi ta gasuwa a ciki har ya ƙone.

Ga lafiyar jiki dai ba abin tsoro ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sanya wa nauyin ruwa iyaka saboda lafiya ba, kalsiyam da magnisiyam ma jiki na buƙatar su. Shayi ne ke shan wahala. Yanar nan mai ƙyalli da ke tasowa a kan baƙin shayi in ya huce, Michael Spiro na Imperial College ya nuna a 1993 cewa farar ƙasar ruwa ce ta haɗu da sinadaran ganyen. Har akwai kamfanin shayi a Yorkshire da ke haɗa ganye na musamman don masu ruwa mai nauyi. Mutanen Ingila ba sa wasa da shayi. A nan kam mun yi tarayya.

Tsohon alkawari

Wanda ya ga na'urar a intanet zai zaci sabuwar fasaha ce. Ta girmi motar farko da ta shigo Kano. A 1873, zamanin da ƙanzo ke lalata tukwanen tururi na masana'antu da jiragen ƙasa, aka ba wani Ba'amurke, A. T. Hay, takardar mallakar wata dabara ta kare tukunya da maganaɗisun lantarki. A 1945 injiniyan Beljiyam Theo Vermeiren ya yi rajistar tasa na'urar, ita ce ta buɗe kasuwa a Turai. Tarayyar Sobiyet ta rungumi abin hannu bibbiyu, ta saka shi a tukwanen masana'antu da dama. A Amurka kuwa, a 1958, Rolf Eliassen da abokan aikinsa a jami'ar MIT suka gwada irin waɗannan na'urori suka ce ba su ga abin da suka yi wa ƙanzo ba. Tun daga nan ake jan igiya, mai sayarwa na cewa ta yi, mai gwadawa na cewa ina.

Akwai dai abu guda da ba a jayayya a kansa: mayen ƙarfe ba ya cire komai daga ruwa. Kalsiyam ɗin da ya shiga ta gefe ɗaya shi ke fita ta ɗaya gefen, ba ragi. Babu wata jaka da yake tara abin da ya kama, babu magudanar da yake zubarwa. Ka auna nauyin ruwan kafin na'urar da bayanta, lamba ɗaya za ka samu, sabulu kuma zai ci gaba da ƙin kumfa. Masu sayarwa da ke da ɗan tsoron Allah sun yarda da wannan, shi ya sa suka daina cewa suna tausasa ruwa, suka koma cewa suna gyara masa hali.

Gyaran halin da suke nufi ga shi. Farar ƙasa in za ta daskare tana iya ɗaukar siffa fiye da ɗaya. Akwai kalsait, mai ƙwayoyi kamar ƙananan tubala, irin wanda ɓawon ƙwai ke ɗauke da shi. Akwai aragonait, mai ƙwayoyi sirara kamar allura, irin na katantanwa. Sinadari ɗaya ne, jerin ginin ne ya bambanta. Da'awar ita ce maganaɗisu yana sa dutsen ya fito a siffar allura, ya daskare tun yana tsakiyar ruwa, ya wuce kamar gari maimakon ya manne. Maganar ba ta hauka ba ce, sai dai tana da ƙafar ungulu. Aragonait ya fi kalsait tauri da nauyi, kuma shi ne ma yakan fito da kansa a ruwa mai zafi sosai ko mai magnisiyam, ba tare da kowa ya ɗaura komai ba. Ba wuya ƙanzon da ke butarka yanzu haka akwai shi a ciki, kuma ka ga yadda ya riƙe.

Sai batun ƙarfi. Ruwa yana jin maganaɗisu, amma jin da ba ya kai wa ko'ina. A 1997 Andre Geim, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel, ya sa kwaɗo mai rai ya tashi ya tsaya a iska a wani ɗakin gwaji a Nijmegen ta ƙasar Holan, saboda ruwan da ke jikinsa. Sai da ya yi amfani da ƙarfin tesla 16, injin da ke cin wutar da za ta ishi unguwa. Na'urar MRI ta asibiti tana aiki da tesla 1.5 zuwa 3, mutum ya kwanta a cikinta rabin awa, jininsa cike da kalsiyam, ya fito yadda ya shiga. Abin da ake ɗaurawa a bututu bai kai ko kusa da haka ba, ruwan kuma a guje yake wuce shi: in yana tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa, na'urar kuma tsawonta santimita 10, gaisuwar tasu kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ce. Daga nan ruwan ya je ya kwana a tanki. In ma bututun na ƙarfe ne irin na da, jikin bututun ne zai shanye yawancin maganaɗisun kafin ya isa ga ruwa.

Hita biyu

Amma lissafi a takarda ba ya yanke hukunci. Abubuwa nawa suka yi aiki kafin a gane dalilinsu? Sai an gwada akan san na ƙwarai. Gwajin da ya fi burge ni shi ne mafi sauƙi a cikinsu. Mujallar Consumer Reports ta Amurka, wadda ba ta karɓar talla, ta sayi na'urar maganaɗisu ta dala 535, ta kafa hita biyu iri ɗaya a gida ɗaya mai ruwa mai nauyi. Ɗaya tana shan ruwan da ya bi ta na'urar, ɗaya tana shan ruwan yadda ya zo. Aka bar su sama da shekara biyu, kowacce ta dafa fiye da galan 10,000. Sannan aka yanka su biyun aka leƙa. Rahoton da ya fito a 1996 ya ce ƙanzon ɗaya ne, a yawa da kuma a kama.

A shekarar ce kuma cibiyar bincike ta Lawrence Livermore a Kalifoniya ta gwada wata na'urar a wurin da take tace ruwan ƙarƙashin ƙasa, inda ƙanzo ya addabe ta. Da ta yi aiki da sun huta da wanke-wanke, don haka ba su da dalilin yi mata ƙeta. Ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba. A 2001 sashen injiniyoyi na rundunar sojan Amurka ya buga sakamakon gwajin na'urori uku da ya yi a Rock Island ta jihar Illinois, kowacce an jera ta da layin da ba a saka wa komai ba. Hukuncinsu shi ne abin da suka gani bai gaskata abin da masu ƙerawa ke faɗa ba.

Jamusawa, kamar yadda suka saba, ƙa'ida suka kafa wa abin. Ƙungiyar masana gas da ruwa ta ƙasar, DVGW, tana da tsarin gwaji mai lamba W 512: a jera ƙananan hitoci, wasu da na'ura wasu babu, a riƙa dafa ruwa mai nauyi a digiri 80 har kwana 21, sannan a narkar da ƙanzon kowacce a auna. Na'urar da ke son hatimi sai ta rage ƙanzo da kashi 80 cikin 100 aƙalla. A farkon 2000 gidauniyar Stiftung Warentest, mai gwada kayan kasuwa a madadin masu saye, ta buga sakamakon na'urori 13 na gyaran ruwa ba da gishiri ba. Uku ne kawai suka tsallake, kuma babu mayen ƙarfen ɗaurawa a cikinsu. Ukun duka na'urori ne da ruwa ke ratsa cikinsu, masu wani sashe da ke ƙarewa a sauya shi, kuɗinsu kuma ba na wasa ba.

Da a nan labarin ya tsaya da an huta. Bai tsaya ba, saboda Michael Coey. Shi ba ɗan talla ba ne, a lokacin farfesa ne a Trinity College ta birnin Dablin, yana cikin manyan masana maganaɗisu na duniya, irin mutumin da ake sa ran zai yi wa maganar dariya ya wuce. A 2000 shi da Stephen Cass suka buga gwajin da suka yi: samfurin ruwa biyu-biyu har kashi 32, ɗaya an bi da shi ta maganaɗisu mai ƙarfin kusan kashi ɗaya cikin goma na tesla, ɗaya ba a bi ba, mai dubawa kuma bai san wanne ne wanne ba. Da suka dafa suka duba abin da ya kwanta, sai ga aragonait ya fi yawa a ruwan da ya ga maganaɗisu. Abin da ya fi ɗaure kai, tasirin bai gushe ba har bayan awa 200. A 2012 Coey ya kawo bayaninsa: wataƙila ba ruwan ne ke tunawa ba, wasu ƙananan dunƙule-dunƙulen farar ƙasa ne da ke yawo a cikinsa kafin su zama ƙwaya, su ne maganaɗisun ke taɓawa.

Wannan bincike shi ne tutar da masu sayarwa ke ɗagawa, kuma bincike ne na gaske. Sai dai a kula da abin da aka auna. Siffar ƙwayar aka duba a kwalbar gwaji, ba yawan ƙanzon da ya kama ƙarfen hita bayan shekara ba. Tsakanin waɗannan biyun akwai tafiya. John Baker da Simon Judd na jami'ar Cranfield a Ingila sun tattara gwaje-gwajen shekaru a 1996, suka tarar da hatsin bara: wani ya ga ragi, wani bai ga komai ba, wani ya ga aragonait ya ƙaru, wani ya ga ya ragu. Inda aka fi ganin alama shi ne inda ruwa ɗaya ke zagayawa yana bi ta maganaɗisun sau da yawa, kamar a masana'anta, ba a gida ba inda sau ɗaya yake wucewa. A wannan shekarar kuma wasu masana a Afirka ta Kudu suka gano wani abin dariya: wasu na'urorin suna sakin ɗan sinadarin tutiya daga jikinsu zuwa cikin ruwa, tutiya kuwa ko kaɗan ce tana hana kalsait girma. Ke nan a wasu wuraren da aka ga aiki, tutiyar ce ta yi, aka yaba wa mayen ƙarfe.

Don a yi adalci, akwai gwajin da Peter Fox ya jagoranta a jami'ar jihar Arizona da tsarin nan na Jamus. A can na'urar lantarki mai naɗin waya ta rage ƙanzo da kimanin rabi. Ba banza ba ne, amma bai kai 80 ba, kuma a gwajin nan ɗin na'urar gishiri mai cire kalsiyam daga ruwa da wata mai ƙwayoyin da ke daskarar da farar ƙasa tun a cikin ruwa sun yi mata fintinkau.

A ganina, in aka haɗa duka, maganaɗisu yakan ɗan taɓa yadda farar ƙasa ke daskarewa a wani ruwan, a wani yanayin, ba tare da wani ya iya faɗa maka tun kafin ka biya ko ruwanka na ciki ba. Magani kuwa da sai an dace yake ci, kuma mai shi ba zai iya gaya maka wa yake yi wa ba, ba na cewa ƙarya ne tsagwaronta, amma ba zan jingina hitata da shi ba.

Me ya sa kasuwar ba ta mutu ba

Dalili na farko a Ingila doka ce, ko da yake ba da niyya ba. Jagorar da ke tare da dokokin gini ta ce inda nauyin ruwa ya wuce 200, a yi tanadin rage ƙanzo a ruwan da ke shiga hita da tukunyar gas. Ba ta tilasta wa kowa sayen na'urar gishiri mai tsada ba. Mai saka tukunya yana son ya cika sharaɗi ya karɓi kuɗinsa, maigida yana son araha, sai a haɗu a kan ɗan guntun bututun nan. Hukumar sa ido kan tallace-tallace ta ƙasar ta sha hana wasu tallolin irin waɗannan na'urori saboda rashin hujja, amma hana talla daban, hana ciniki daban.

Na biyu, akwai wani mayen ƙarfen da yake aiki tsakani da Allah, kuma a gidajen nan ɗin yake. Ruwan da ke zagaya bututun ɗumama ɗakuna yana cin ƙarfe a hankali, ya tara baƙin laka na tsatsa. Ana saka matata mai maganaɗisu ta kama shi, mai gyara ya zo ya buɗe ya nuna wa maigida baƙin taɓo cike da hannu. Gani ya kori ji. Amma wannan ƙarfe ne, abincin mayen ƙarfe ke nan tun asali. Farar ƙasa ba ƙarfe ba ce, ka kai mata mayen ka gani ko za ta motsa. Mutuncin wannan matatar ne na'urar ƙanzon ke ci.

Na uku shi ne babba: maigida ba shi da hita ta biyu. Ranar da ya ɗaura na'urar, ranar ce ya wanke buta, ya sauya kan shawa, wataƙila ma sabuwar hita aka saka, don lalacewar tsohuwar ce ta tura shi kasuwa. Wata uku komai fes. Zai rantse maka ta yi aiki, kuma ba ƙarya yake yi ba, abin da ya gani yake faɗa. Cikin hita ba a gani sai an yanka. Kafin ƙarfenta ya sake ƙonewa shekaru sun wuce, rasit ya ɓata, sai a ce ai kayan yanzu ba ƙarko.

Daga Kalambaina zuwa tukunyar wake

Mu ma muna da namu allin. Dutsen farar ƙasa na Kalambaina shi ya kawo masana'antar siminti Sakkwato, irinsa ne a Malbaza ta jihar Tawa a Nijar, da Ashaka a jihar Gombe. Rijiyar da ta faɗa cikin irin wannan dutse ruwanta yakan yi nauyi, masu wanki sun sani tun kafin wani ya zo da ma'auni. Ƙasar Kano da Zariya kuwa a kan tsohon dutse mai tauri take, irin na Kufena, wanda ba ya narkewa da sauƙi, don haka ruwanta galibi ya fi sauƙi. A da abin bai dami kowa ba, don tukunyar ƙasa da tulu ba su da hujin da zai toshe. Yanzu da rijiyar burtsatse ta shiga gidaje, ga tanki a sama, ga hita a banɗaki, ga injin wanki, ciwon Landan ya fara zama namu, kuma tallar da ke bin Bature a waya ita ke bin mu.

Abin sha'awa, uwayenmu sun daɗe suna maganin ruwa mai nauyi ba su kira shi da wannan suna ba. Wake yakan ƙi dahuwa a irin wannan ruwa, don kalsiyam yana ƙara ɗaure ɗankon da ke riƙe da naman ƙwayar. Sai a jefa kanwa. Kanwar da fatake suka daɗe suna kawowa daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga gishirin sodiyam ce mai kaifi: tana sassauta wannan ɗanko, tana kuma tilasta wa kalsiyam ya bar ruwan ya kwanta. Dabara mai kama da ita ce Thomas Clark na Aberdeen ya yi wa rajista a 1841, shi da ruwan ƙonanniyar farar ƙasa yake kwantar da ta cikin ruwa kafin a tura shi gari. Ba cewa na yi a zuba kanwa a tanki ba, ƙanzon ne zai kwanta a ciki, ruwan kuma ya ƙi shayuwa. Abin lura shi ne duk dabarar da ta tabbata, akwai abin da take fitarwa ko take sakawa, wanda za a iya gani a auna.

Haka na'urar gishiri take. Tulu ne cike da ƙananan ƙwayoyin roba, ba su kai ƙwayar gero ba, suna kama kalsiyam da magnisiyam su saki sodiyam a madadinsu. In sun ƙoshi sai a wanke su da ruwan gishiri, dattin ya bi magudana. Ita kam ba a musu a kanta, ko da sabulu ka gwada za ka gani. Kuɗinta ne da yawa, tana cin gishiri wata-wata, tana zubar da ruwa, kuma akan bar famfon kicin ba a haɗa shi da ita ba, saboda jarirai da masu hawan jini. Ƙasa da ita akwai ɗan kwanso mai sinadarin fosfet da ake sakawa a bakin hita, yana narkewa a hankali yana hana ƙanzo kamawa, in ya ƙare a sake. Mafi araha duka shi ne a daidaita hita a digiri 60, kada ta haura don ƙanzo, kada kuma ta sauka don ƙwayar cutar lejiyonela da ke son ruwa mai ɗumi-ɗumi. Buta da kan shawa kuwa tsami ne maganinsu, lemun tsami ko ruwan khal, abin da ya narkar da dutsen tun farko shi ke sake narkar da shi.

Wanda ya riga ya sayi mayen ƙarfen, ko wani ya matsa masa da talla, yana iya yin abin da Consumer Reports ta yi a ƙaramin mataki. Ya sayi buta biyu iri ɗaya, ya ɗora kowacce a kan ma'aunin kicin ya rubuta nauyinta. Ya sami jarka biyu, ɗaya a cika ta daga famfon da ke gaban na'urar, ɗaya daga na bayanta. Cikawar a bar wa wani a gidan, ya yi wa jarkokin alama ya ɓoye ma'anarta, don ido yakan ga abin da aljihu ya biya. Kullum a tafasa lita ɗaya sau uku a kowace buta, a juye, a ɗauraye sau ɗaya, ban da kankara, tunda da'awar ita ce ƙanzon ba zai manne ba. Bayan wata guda kowacce ta dafa lita 90; a ruwa mai nauyin 300, giram 27 na dutse ke nan ya bi ta cikinta. A shanya su su bushe ƙarau, a sake aunawa, sannan a kira mai alamar ya faɗi wacce ce wacce. In da ƙa'idar Jamus za a bi, ƙanzon butar da ta sha ruwan mayen ƙarfe kada ya wuce ɗaya cikin biyar na 'yar'uwarta.

In an gama awo, a jiƙa su biyun da ruwan khal su kwana, da safe a ɗauraye a ɗora shayi.